Kwanukan Dubiya da Ƙafata ta Dama

Salamu alaikum. Wata biyar ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wani ya kira ƙanena yana tambaya cikin dabara ko an yi sadakar uku. To ina nan, ban tafi ba.

Abin ya faro da ƙishirwa da yawan fitsari. Na ce zafin garinmu Bakura ne. Sai kara ya soke ni a ƙafa a gonar shinkafa, ciwo ya ƙi warkewa, har ya fara wari.

A asibiti a Talata Mafara aka ce ciwon suga ne. Aka ba ni gado. Kullum allura, kullum wankin ciwo, kullum a huda yatsa a auna jini. Buhun shinkafa shida suka tafi a magani. An cire ƙaramin yatsan ƙafar, amma suga ya ƙi sauka.

Likita ya ce, "Malam Bello, in ba mu ga sauyi cikin sati biyu ba, sai dai mu yanke daga ƙasan gwiwa."

Na ji tsoro, wallahi. Manomi da ƙafa ɗaya?

Washegari 'yata Saratu ta iso daga asibitin da take aiki. Ilimin abincin marasa lafiya ta karanta a jami'a, ta yi shekarar horo a asibiti, ta ci jarrabawa aka ba ta lasisi. Ni kuwa likita na so ta zama. Da bakina na taɓa ce mata, "Tuwon ma sai an tai jami'a?"

Tana isowa ta kama aiki. Ta zauna gefen gado da littafi, tana rubuta duk abin da ya shiga bakina.

Da la'asar ta karanta mini. Kunu mai suga daga maƙwabta. Fura daga Maradun. Lemon kwalba biyu. Zuma cokali uku, wai magani. Shinkafa sau biyu. Kun san halinmu: wanda ya kawo kwanon dubiya ba ya tashi sai ya ga ka ci, ni kuma ban iya kunyata mutum ba.

Ta ce, "Baba, allura na gini, kwanukan ga na rushewa."

Ana haka sai ga yayata, Yaya Kulu, da ƙwaryar fura. Saratu ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ƙwaryar ta ajiye nesa da ni.

Yaya Kulu ta harzuƙa. "Ke ɗiyar ga, ni za ki hana ba ɗan'uwana hura? Tun ba a haihe ki ba nike dama mai!"

"Gwaggo, ba hana ki ni yi ba. Kwaɗon zogale nike roƙo, babu mai yi nai kamar ke."

Haka ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Wannan wake, wancan kifi, waccan miyar ganye. Ba ta kori kowa ba, ba ta kuma bar ni da yunwa ba. Tuwo daidai dunƙulen hannuna, a kan lokaci, ita da likita suna daidaita shi da allura.

Na yi mita, ba zan ɓoye ba. Ta ce in yi mitar ina tauna zogale.

Kwana na goma sha biyu likita ya buɗe ciwon, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Nama ya fara cikowa. Ƙafar taka ce." Yaya Kulu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin maza, sai da nas ta leƙo.

Jiya na taka har gona, da takalmi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas da duk wanda ya ɗauko kwano saboda ni.

Shawarata: ku auna suga tun kuna lafiya. Kada ku raina ciwon ƙafa. Ku nemi masu ilimin abinci a asibiti, akwai su. In za ku dubiya, ku tambaya kafin ku ɗora tukunya.

Ranar sallama na ji wata nas tana nuna ni, tana cewa, "Baban Saratu ke nan." Shekara hamsin da tara ina amsa Malam Bello, ban taɓa jin sunan da ya yi mini daɗi haka ba.