Kulor ɗin abokina ba jabu ba ne

Shekarun baya, lokacin da kamun kifi ya ja baya a wajenmu Garou, na samu aikin kula da fisin, wato tafkin wanka, a wani ɗan otal a Malanville. Abokina ne ya samo min aikin. Tare muka taso, yana da shago a kasuwa, kuma a wajensa otal ɗin ke sayen kulor, farin garin da ke tsabtace ruwa.

Mutumin Kwatano da ya gina tafkin ya nuna min aikin cikin rabin yini. Da safe in zuba kulor, da rana in ɗebi ruwa a 'yar kwalba in ɗiga magani. In ya yi rawaya, lafiya lau. Ya kuma zuba wani gari daban, sau ɗaya tak, ya yi dogon bayani da Faransanci. Ni kuwa na yi ta gyaɗa kai don kada a ce an ɗauko baƙauye.

To, ni ɗan masunta ne. A gidanmu ruwan da ya kwana a tsaye ba abin yarda ba ne, mahaifiyata ko na randa sai ta juye ta sake. Saboda haka kullum da safe nakan buɗe famfon ƙasa in saki ruwa kamar taƙi guda ya bi kwata, in cika da sabo. Ba wanda ya sa ni. Har ina yaba wa kaina, wai na fi ɗan Kwatano sanin ruwa.

Bayan 'yan makonni abu ya lalace. In zuba kulor da hantsi, kafin azahar ruwan kwalba ya fito fari tas. Na ninka awo, bai hana ba. Ruwa ya fara kore, bangon tafkin ya yi santsi, baƙi su leƙo su juya. Mai otal ya fara yi min kallon da ake yi wa mai ɗauke kayan aiki. Da na ga haka sai na ƙara yawan ruwan da nake saki, don a ganina tsabta ce ta yi kaɗan.

Takaici ya ishe ni. Ran kasuwa na ɗauki bokitin kulor na dire shi a ƙofar shagon abokina, gaban masu saye cike.

Na ce, "Wanga gari naka alli na. Ni za ka cuta?"

Ya dube ni ya ce, "Ni kac ce ma haka? Cikin mutane?"

Mata biyu da ke riƙe da kwalaben jabel, ruwan wanke fararen kaya, suka ajiye suka fita. Ina gani, amma ban fasa masifa ba.

Washegari sai ga shi a otal, bai ko gaishe ni ba. Ya cika roba biyu da ruwan famfo, ya barbaɗa garinsa daidai wa daida, ya ajiye ɗaya a tsakiyar rana, ɗaya a ƙarƙashin darbejiya. Bayan azahar ya ce in gwada da hannuna. Na inuwa ya yi rawaya, na rana kuwa babu komai. Nan take ya kira ɗan Kwatano a salula, ya riƙa fassara min.

Ashe garin nan da aka zuba sau ɗaya, stabilizan sunansa, shi ne laimar kulor. In babu shi, ranar Malanville sa'o'i kaɗan take buƙata ta cinye komai. Shi kuma rana ba ta taɓa shi, sai dai ya bi ruwa ya fita. Mutumin ya tambaya ko tafkin yana yoyo ne.

Abokina ya juyo ya ce, "Shina yoyo?"

Na ce, "A'a. Ni ka sakin shi."

"Kullum?"

"Kullum."

Na ba shi haƙuri nan take. Ya ce a kasuwa na yi, a kasuwa zan gyara. Ran kasuwa na gaba na tsaya a ƙofar shagonsa na ɗaga murya na ce garinsa na ƙwarai ne, wautata ce. Masu albasa na gefe suka yi ta dariya, amma waɗanda suka ji zagin farko ba duka suke wurin ba.

Aka sake zuba stabilizan, na daina sakin ruwa. Ruwa ya gyaru cikin mako guda, aikina bai tafi ba. Abin da har yau yake ci min rai shi ne, da na buɗe baki na ce wa ɗan Kwatano ban gane ba, da ba a kai nan ba. Na ji kunyar tambaya gaban mutum ɗaya, amma ban ji kunyar ƙaryata amini gaban kasuwa ba.

Muna nan tare, muna zumunci, ya zo sunan 'yata. Sai dai a da yakan miƙo min bokiti a rufe in wuce. Yanzu sai ya ɓalle murfin a gabana, ya turo min, ya ce, "Duba da kyau tukun." Ba ya dariya idan ya faɗa.