Gudajin da ba na ƙwarya ba

Shekarun baya, ina noman albasa a fadamar garinmu kusa da Bangi, mahaifiyata ta taɓa yi mini wata magana da na fassara a karkace. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa bango ko akuya, ni kuma in tsinta.

Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar tana gyara ƙwaryar nonon da take kaiwa kasuwa. Ta kau da kai ta ce, "A gaya ma wancan, nono ya yi gudaji. Tun girbin hatsi shina nan."

Ni kuwa sarkin wayo na leƙa ƙwarya, na ce a sa maburgi a burge shi mana, ai gudaji ba ya hana ciniki. Har na ƙara da cewa wata ƙila saniyar ce ta ci wani haki. Na tafi fadama ina jin na warware matsala.

Matata ce ta biyo ni har bakin rijiya, ranta a ɓace. Ta ce ita daga madafa ta fahimta, ni da nake tsaye kusa ban fahimta ba. "Ba nonon ƙwarya Inna ka nuhi ba, na jikinta ne." Tsoro ya kama ni sosai, don mun taɓa rasa wata gwaggona da ta ɓoye irin wannan ƙullutun har ya fashe.

Washegari muka kai ta gidan likita a Madawa. Sajfam, wato ungozomar wurin, ta duba ta, ta yaba mata da ta faɗa da wuri, ta tura mu Tawa, daga can aka ce sai Yamai. Hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa, amma gwaji ya nuna sankara ce wadda ba ta bazu ba. Da likita ya ce sai an cire nonon, na rasa inda zan sa idona don kunya. Ita ko a jikinta. Ta dubi matata ta ce, "Ya gama aiki nai, ɗiyan da ya shayar duk sun yi gemu. Su ɗauka, su bar mani sauran."

Har likitan sai da ya yi dariya. Aka yi aiki, aka bi da magani mai wahala wanda ya zubar mata da gashi, ta kuma warke.

Abin da na koya shi ne, matanmu da yawa suna faɗin ciwonsu, sai dai cikin kunya suke faɗi, mu kuma ba mu saurara da kyau. Yanzu sajfam ɗin takan fito ƙauyuka tana koya wa mata duba kansu, kuma mahaifiyata ce ke bi gida gida tana tara mata su. Wadda ta noƙe, sai ta ja ta ɗaki ta nuna mata tabon.

Mata biyu daga cikinsu an gano nasu da wuri. Ɗaya ta haihu bana, kuma sunan mahaifiyata aka raɗa wa jaririyar.