Gora Ƙasa, Ruwa Zai Wuce

Jikana ne ya tayar mini da wannan magana, shi kuma bai san ya yi ba. Ina kishingiɗe a falo bayan la'asar, a gidan 'yata da ke unguwar Madain Fahd a Jidda, shi yana gaban talabijin, sai na ji wata ƙara, ƙwas, irin ta itace idan ya haɗu da abu mai tauri. Na ɗago kai. Wasu ƙarti ne sun naɗe jiki kamar masu zuwa yaƙi, suna zamiya a kan ƙanƙara, kowa riƙe da gora mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan baƙin abu.

Na ce, "Kai, malalaci, su waɗannan me suke nema haka har da ture-ture?"

Hausarsa ba ta nuna ba, sai da ya haɗa da Larabci. Ya ce, "Ya jaddi, wuri ɗaya ya rage. Wanda ya ci ya shiga cikin manya, wanda aka ci halas, shi ke nan, sai baɗi."

Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, kuma ban san ƙasar da suke ba. Amma wannan hali na wuri ɗaya ya rage, na san shi tun ina ɗan shekara goma sha 'yan kai.

A kudancin Jidda muka tashi, wajen Karantina, a unguwar da yawancin gidajenta katako ne da gwangwani. Iyayenmu aikin hajji ya kawo su, wasu a ƙasa suka keto Sudan, suka zo suka zauna. Bayan gidajen akwai wani fako mai gishiri. Idan aka yi ruwan nan na Jidda da ba ya zuwa sai ya ga dama, fakon ya jiƙa ya bushe, sai ya yi fari fat, ya yi tauri, wani wurin kuma santsi kamar an shafa mai. Gishirin yana shiga faso a ƙafa ya yi ta zugi har dare. A nan muke ƙwallon gora.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya zo da wasan daga Sudan, ya ce a can ma iyayensu daga ƙasar Hausa suka taho da shi. Shi ke gyara mana gora. Zai nemo reshen magarya mai gwiwa, ya gasa a wuta, ya danne da dutse har ya lanƙwashe yadda yake so. Ƙwallon kuwa ƙwallon goruba ne, wadda alhazan Sudan kan zo da ita. Mu cinye bayan, mu goge a dutse har ta yi sumul. Idan ta same ka a ƙwauri sai ka ga taurari da rana. Babu raga, gwangwani biyu ne cike da yashi a kowane gefe. Babu usur, babu agogo. Bayan la'asar ake farawa, kiran magariba ke tashin wasa. Masallacin unguwa ba shi da lasifika, ladan kan soron yake hawa, kuma daga fili ana hango shi.

Sai dai fakon nan yana tsakanin unguwa da bazan, wato wurin da ake ɗibar ruwa. A lokacin babu famfo a gidan kowa cikinmu. Masu ruwa ne ke ɗaukowa, garwa biyu rataye a sanda bisa kafaɗa, kuma hanyarsu ta tsakiyar filinmu ta bi. Da farko dattawa sun hana wasan saboda haka. Kawu ne ya je ya roƙe su, ya ɗaukar musu alkawari ɗaya: duk lokacin da mai ruwa ya sako ƙafa cikin fili, za a ce "Ruwa!" kowa ya ajiye gorarsa ƙasa, ƙwallo ta tsaya inda take, har ya fita. Wanda ya buga a wannan tsakani, ƙungiyarsa ta sha kaye a ranar, ko da tana gaba. Duk yaron unguwa ya san wannan kafin ya san riƙon gora. Mai ruwa ɗaya kan shiga, wani lokaci uku a jere, mu tsaya muna haki muna kallonsu.

Kowane lungu da ƙungiyarsa. Ana fara karawa idan zafi ya sauka, a yi ta yi har gab da azumi, domin a shekarun nan azumi a sanyi yake faɗowa. Huɗun da suka fi cin wasa su ne za su fito ranakun ƙaramar sallah. Wannan shi ne abin da kowa ke mafarki. Ranar dattawa kan shimfiɗa tabarmi a bakin fili, mata su tsaya daga nesa da farantan gyaɗa, har Larabawa da Yamalawan makwabta sukan zo kallo.

Yayana shi ne shugaban ƙungiyarmu. Ya girme ni da shekaru da dama, dogo ne, ba ya yawan magana, kuma bai taɓa samun shiga wasan sallah ba. Shekara biyu a jere ana fitar da mu a ƙarshe. A wannan shekarar Baba ya samo masa aikin dako a mina, wato tashar jiragen ruwa, inda shi ma yake. Yaya ya roƙi a bar shi ya ƙarasa. Baba ya ce, "In kun shiga, ka yi wasan sallarka, ka fara aiki bayanta. In ba ku shiga ba, ranar farko ta azumi ina son in gan ka a mina. Wanda ya fara dako kuma ya gama da gora."

Tun daga ranar gidanmu ya canza. Yaya ya daina cin abinci sosai. Da asuba sai ka gan shi a bayan gida yana buga ƙwallo a jikin katanga. Ni kuma ya saka ni a gaba, ko da yake ni ne ƙarami a ƙungiyar, saboda ina da gudu kuma ni bahago ne, masu tsaron gida ba su saba da ɓangaren da bugu na ke fitowa ba. Wasu sun yi gunaguni. Ya ce da su shi ya san abin da ya gani.

Muka ci wasu, aka ci mu wasu. Ƙungiyoyi uku suka tabbatar da wurinsu. Saura ɗaya, tsakaninmu da yaran Kasuwar Gawayi, kuma su suna gabanmu da kaɗan. Idan aka yi kunnen doki su ne suka shiga. Mu sai mun ci. Wasan ya faɗo kwana biyu ko uku kafin ganin wata.

Ranar iska tana busowa daga teku, fakon yana ƙyalli har yana kashe ido. Tun kafin a fara yaran Gawayi suka sa ni gaba. Mai tsaron gidansu, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya ce, "Ya walad, kai yaro, an yaye ka kuwa? Je ka ci tuwo da hagu, Inna ta make hannun!" Aka yi dariya. Na kalli Yaya, ya girgiza mini kai, na ƙyale su.

Su suka fara ci. Ƙwallo ta bi ta santsi ta wuce tsakanin ƙafafun mai tsaronmu. Muka yi ta kai hari ba sa'a. Sau biyu aka ce "Ruwa!" muka ajiye gora, kuma kowane tsayawa ji nake kamar ana yankar mini rana. Inuwar gidaje ta fara rufe fili. Can Yaya ya karɓi ƙwallo daga tsakiya, ya ratsa mutum biyu, ya narka ta ta shige. Ɗaya da ɗaya. Bai yi murna ba, ya ce kawai, "Yalla, yalla, ku koma!" Na ga jini a gwiwarsa, gishiri ya manne a kai.

Rana ta yi ja ta sauka kan teku. Yaran Gawayi suka koma gida gaba ɗaya suka tsare, da sun samu ƙwallo sai su buga ta can nesa don a ɓata lokaci wajen ɗaukowa. Na duba masallaci, na ga ladan ya fito daga gidansa yana gyara hannun riga. A daidai nan Yaya ya ƙwace ƙwallo, ya turo mini ta gefen hagu. Mai tsaronsu ya fito ya tare ni, santsi ya kwashe shi ya faɗi. Ga ni, ga ƙwallo a gabana, ga gwangwanaye biyu ba kowa a tsakaninsu.

Sai na ji muryar Kawu: "Ruwa!"

Wani tsoho ne, wanda duk unguwa ke kira Baba mai ruwa. Ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya, tafiyarsa a hankali take. Ya shigo ta kusurwar da ke bayan gidan abokan karawarmu, zai bi ta gaban gwangwanayen. Na ji goruna suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai tsaronsu ya miƙe zaune, yana kallona, yana kallon inda zai koma da zarar tsohon ya wuce. Na sake duban masallaci. Ladan ya sa ƙafa a tsani.

Ba zan ce maka ban ji ba, domin na ji. Ba zan ce ban gan shi ba. Abin da ya zo mini shi ne kafin tsohon nan ya ƙetare an kira salla, Yaya ya tafi mina. Na ɗaga gora na buga.

Ƙwallo ta shige tsakiyar gwangwanaye, ta wuce ta gaban ƙafar tsohon. Ya razana ya ja baya, sandar ta karkace, garwa ɗaya ta kife, ɗayar ta bi ta. Ruwan ya bazu a kan gishiri, fakon ya shanye shi muna kallo.

Ba wanda ya yi ihu, har yaran Gawayi. Tsohon ya tsaya yana duban garewaninsa, ya ce, "La haula." Bai zage ni ba, bai ko dube ni ba. Kawu ya tako a hankali har inda nake, ya miƙo hannu, na ba shi gorar. Ya juya ya ce, "Gawayi sun shiga. A tashi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Muna tsaye a wurin, ladan ya hau soro, ya tsaya yana duban yamma, ya gyara rawani, ya yi ta jira rana ta ƙarasa faɗuwa. Ya daɗe bai kira ba. Da tsohon ya wuce, da an ɗauki gora, da sauran lokaci. Ko zan ci ko ba zan ci ba, Allah ne masani, amma lokaci akwai shi.

Na zaci Yaya zai dake ni a gaban mutane, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya je ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, a yi mana afuwa, yaro ne." Ya ɗauki sandar da garewanin ya nufi bazan. Na bi shi, ya ce in koma. Shi ya bi layi, ya ciko, ya kai har gidan da aka yi odar ruwan, da gwiwarsa mai jini.

Da muka taru cin abinci Baba ya ce, "An shiga?" Yaya ya ce, "Ba a shiga ba." Bai ƙara ko kalma ba. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Inna ta riga ta ji komai a bakin mata, ta dube ni ta kawar da kai.

Ranar farko ta azumi Yaya ya bi Baba mina. Da ya dawo gab da shan ruwa leɓɓansa sun bushe, kafaɗarsa ta saɓule saboda buhu. Inna tana shafa masa mai yana cije baki, ni ina raɓe a ƙofa na kasa shiga. Ranar sallah ana ta sowa a fili, ni da shi muna gida, kowa yana yi kamar bai ji ba. Bai sake riƙe gora ba. Ni ma Kawu bai mayar mini da tawa ba, ban kuma tambaya ba.

Wasan kansa bai daɗe ba bayan haka. Ƙwallon ƙafa ta shigo ta kwashe yara, motocin ruwa suka zo, sannan famfo, masu garwa suka watse. Fakon an cike shi an yi gini, yau ko ni sai na yi da gaske nake gane wurin. Yaran yanzu suna buɗe famfo su bar shi yana zuba suna danna waya, kuma ban ga laifinsu ba, ba su taɓa ganin ruwa a kafaɗar tsoho ba.

Yaya yana nan da rai a Waziriyya, idonsa ya yi rauni, bayansa ya ranƙwafa, a mina ya ƙare ƙarfinsa. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma kunya ta hana ni. Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi, muna shan shayi, na daure na ce, "Yaya, ka tuna ranar Gawayi? Ni na ja maka. Ka yafe mini."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Mina dai da ma zan je ta, ko kafin sallah ko bayanta. Tsohon ne ya ba ni tausayi." Ya kurɓi shayi, ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Amma kai, bahago, bugun nan ya yi kyau. Ta tsakiya fa ta bi. Na so in faɗa maka tun ranar, Kawu ne yana kusa."