Ludayin Da Inna Saude Ta Sha Da Jikarta

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Inna Saude Durba, a asibiti a Rano, bayan jinyar kwana tara. Shekararta saba'in da shida. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma da muka rage muna kan hanya. An kai ta makwancinta a Durba kafin magariba. Ta bar mahaifinmu, Malam Shitu, da mu 'ya'yanta biyar, da jikoki ashirin da uku.

Inna, ni ce Juwairiyya, wadda kike cewa bakina ba ya ajiye magana. Yau ma ba zai ajiye ba.

Shekara arba'in kika yi kina suyar ƙuli-ƙuli a wannan ɗan madafin da hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin. Babu yaron da ya taɓa leƙowa ya koma hannu banza. Matar da ta haihu a unguwa, kwalbar man gyaɗarki tana riga 'yan barka isa ɗakinta. Ban manta shekarar da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare ba, da ruwa ya kwana yana zuba, rafi ya cika. Kowa ya ce a haƙura. Kika ɗaura ɗamara, kika goya ni, ga ni ƙatuwa, kika tsallaka da ni ruwa har ƙugunki. Da muka haye kika sauke ni, kika ce, "To, na yi nawa. Idan kika faɗi, a rafin nan zan bar ki." Ban faɗi ba. Wannan rubutun da nake yi yau, a bayanki na tsallako da shi.

Amma kina da hali ɗaya da muka riƙa yabo, alhali faɗa ya kamata mu yi miki a kansa. Ba kya cin abu mai kyau. In na aiko miki da gwanda ko goba ko ƙwai daga Rano, sai ki rufe a kwalla, ki jira jikoki. Naman miya a kwanon yara yake ƙarewa. Ke kuma koko da safe, goro da rana, tuwo loma uku da yamma. Na taɓa yi miki magana, kika yi dariya kika ce, "Tsohuwa me za ta yi da ƙwai? So kike na koma budurwa na rikita babanki?" Muka yi dariya, muka ce Inna akwai kara. Muna ji muna gani kina ramewa, muna kiran abin kirki.

A ƙarshen watan jiya, da damina ta yi nisa, mura ta mamaye unguwarmu a Rano. Autata Jannatu, 'yar shekara huɗu, ta kwanta da zazzaɓi da tari, ta ƙi cin komai. Sai na yi abin da kowace uwa a garuruwan nan take yi, abin da aka yi da ni ma ina ƙarama: yaro in ya ƙi lafiya, a kai shi ɗakin kaka. Na ɗauke ta muka tafi Durba. Tun daga zaure kika jiyo tarinta, kika fito kina cewa, "Wa ya taɓa min ƙawata?"

Kika dama kunun tsamiya. Ta kawar da kai. Sai kika yi dabararki da kika rene mu duka da ita. Kika kurɓa a ludayi, kika miƙa mata, kina cewa, "Ni ɗaya, ke ɗaya. Wanda ya ƙi sha shi ne rago." Ta yi tari a cikin ludayin, ta kurɓa, kika karɓa kika kurɓa. Ina zaune a bakin gado ina murna yarinya ta ci abinci. Na koma Rano na bar ta a wajenki. Kwana huɗu kuna gado ɗaya, taga a toshe da tsumma don kada sanyi ya shiga, ga kaskon garwashi da turaren wuta.

A rana ta biyar Jannatu tana bin kaji a tsakar gida. A ranar kika fara tari. Kika ce murar yara ce, ke da kika haifi biyar ba za ki kwanta don ita ba. Kika ɓoye zazzaɓin, har sai da Baba ya lura kina sallah a zaune, kina hutawa tsakanin raka'a da raka'a. Da babban wanmu, Yaya Musbahu, ya kawo ki Rano, likita ya ce murar ta sauka huhu.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Malama Muhsina, Allah Ya saka mata da alheri. Na tare ta a baranda na ce, "Malama, ciwo ɗaya ne. Yaya 'yar shekara huɗu ta tashi, babba ta kwanta?" Ta nuna min tsatsar da ke ƙafar wani gadon ƙarfe da ke jingine a bango. Ta ce jikin mutum kullum yana tara wani abu mai kama da tsatsa, daga numfashin da muke yi da abincin da jiki ke sarrafawa, kuma jikin yana da nasa abin da yake goge ta. A jikin yaro mai gugar ya fi ƙarfi. In shekaru suka ja, tsatsar tana yawa, gugar tana raguwa, garkuwar jiki ta yi sanyi. Hayaƙin itace na shekara da shekaru yana ƙara wa huhu wannan nauyi. Ganye da 'ya'yan itace da abinci mai gina jiki suna taimaka wa jiki, ko da yake ba su ne maganin cutar ba. Ta ce, "Hajiya, ƙwayar cutar da yaro zai yi wasa da ita kwana huɗu, ita ce za ta iya kayar da tsoho. Ba mura ɗaya suke yi ba, ko da tari ɗaya kika ji."

Na tuna kwallar nan cike da goba. Na tuna baƙin bangon madafi. Na tuna ludayin.

Na yi imani da ajali, Inna. Ranarki ba za ta wuce Talatar nan ba. Amma ke ce kike rufe bakin rijiya da faifai da dutse tun muna rarrafe, kuma ban taɓa jin kin ce a bar ta a buɗe tunda ajali na hannun Allah ba. Wannan amsar na ba Yaya Musbahu ranar da muka fara zaman makoki, da ya ce ko da ludayi daban-daban kuka sha, da kin tafi.

Abin da ya haɗa ni rigima da Yaya shi ne Baba. Shekararsa tamanin da uku, kuma shi kaɗai ya rage mana. An shimfiɗa masa tabarma a cikin zaure, ɗaki ƙarami ba iska, mutane suna shiga goma goma, rabinsu na tari, kowa sai ya kama hannunsa ya daɗe. Na kira Yaya na ce a mayar da tabarmar gindin darbejiya, a ajiye buta da sabulu, mai mura kuma ya yi gaisuwa daga nesa. Ya ce, "Juwairiyya, so kike a ce 'ya'yan Malam Shitu suna ƙyamar mutane?" Na ce, "A faɗa, Yaya. Na fi son a zage mu muna da uba." Bai ji daɗi ba, amma ya fitar da tabarmar.

Washegari da hantsi maƙwabciyarmu Salma ta shigo da jaririnta yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ta nufi ɗakin Baba don ya yi masa tofi, kamar yadda aka saba kawo masa yaran unguwa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Haba Yaya Juwairiyya, a cinyarsa fa yake ɗora su." Na ce, "Yau daga inda yake zai yi. Addu'a ba ta gajiya da tafiya. In an gama ki wuce da shi asibiti." Baba ya jiyo mu daga ciki, ya ce, "Ke Juwairiyya, tun yaushe kika zama mai gadin ƙofata?" Na ce, "Tun ranar Talata, Baba." Can sai ya ɗaga hannu daga kan buzunsa, ya yi wa yaron addu'a, muka shafa a tsakar gida.

Na ji ana cewa boko ta yi min yawa. Ba komai. Ga maganata ga 'yan'uwana mata na Rano da Kibiya, kuma da kaina na fara. Yaronki in yana mura, jinyarsa taki ce. Kada ki ɗauki wahalar da ta fi ƙarfin tsohuwa ki sauke mata, don kin san kunya da ƙauna ba za su bar ta ta ce a'a ba. Abin da kika aika wa iyayenki, ki tabbatar cikinsu ya shiga. Tsoho in ya fara tari, kada a jira ya ce yana jin jiki, don ba zai faɗa ba. Sannan ina gargaɗi: duk wanda ya kuskura ya gaya wa Jannatu cewa murarta ce ta kwantar da Inna, ni da shi ne. Yarinya ba ta kai kanta Durba ba, ni na kai ta.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Na buɗe kwallarki na tarar da goba uku da kika ajiye wa yara, biyu sun lalace. Na yanka ta ukun na kai wa Baba. Ya ce a ba Jannatu. Na ce ta ci tata. Na durƙusa a gabansa, ban tashi ba sai da ya cinye. Haka za mu yi da shi, Inna, muddin Allah Ya bar mana shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kamar yadda kika shayar da 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba, da Yaya Musbahu da sauran 'yan'uwana, da jikoki, da dukkan mutanen Durba. Ni kuma Allah Ya yafe min abin da na yi cikin rashin sani, Ya ba ni ƙarfin tsayawa a ƙofar nan. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Juwairiyya Shitu Durba, Rano