"To" Ɗina Ba Amincewa Ba Ce

Har gobe ban manta da ranar da aka so a yi amfani da bakina a ƙwace wa ɗalibanmu rabonsu na kallon sama ba. Ku da kuka fara aiki bana, ku matso ku ji.

Ƙasashe da dama ne suka haɗa hannu suka gina cibiyar nan tamu ta nazarin taurari. Na'urorin hangen suna can kan wani tsauni mai nisa, amma daga ofishinmu na Guangzhou ake juya su ta intanet. Abin da ake rabo a wannan aiki lokaci ne, kowane ɓangare da sa'o'insa. A lokacin ni ce ma'aikaciyar da ke tsara wa jami'o'in Afirka ta Yamma nasu, galibi ɗaliban Kano da na Yamai. Kason namu bai taka kara ya karya ba, amma da shi suke rubuta bincikensu na kammala digiri.

Da aka zo sabunta cibiyar, sai aka kawo manhajar da za ta riƙa raba lokaci da kanta, wai wanda ya fi wallafa bincike shi ne a gaba. Jama'a, ɗalibin da bai samu na'ura ba, me zai wallafa? Kamar a ce sai ka iya iyo za a bar ka ka taɓa ruwa ne.

Daraktanmu Farfesa Liang, dattijo ne mai fara'a, har ya koyi "sannu" da "to" a wurina. Ranar wata Alhamis ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi, ya ce za a juye kasonmu cikin na kowa da kowa, manhaja ta raba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma a gidanmu ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Na sunkuyar da kai na ce, "To."

Sai ya washe baki. "To! Shiye-shiye, Rakiya," wato na gode. Nan na gane shi a wurinsa an gama magana.

Washegari bayan sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng na tare Alhaji Garba, aminin mahaifina da ke sarin takalma a titin Zhanxi Lu, shi ne ubana a garin nan. Na kwashe labari na faɗa masa.

Ya ce, "'Yata, takardar zamanki a hannun wa take? Ba a zama cikin ruwa ana gaba da kada. Ki yi shiru."

Na ce, "To, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai! Wannan 'to' ɗin taki ban yarda da ita ba."

Ranar Litinin kwamitin wakilan ƙasashe ya zauna. Ƙa'ida ita ce ba a taɓa kason wani ɓangare sai da yardarsa, kuma mu ƙananan jami'ai a jikin bango muke zama, ba ma magana sai an kira mu. Farfesa ya miƙe ya sanar cewa ɓangaren Afirka ta Yamma ya amince, har yana nuna ni yana raha cewa da harshena na faɗa.

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Farfesa, a gafarce ni. Ban amince ba."

Farfesa ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Amma kin ce 'to'."

Na ce, "Na faɗa. A wurinmu 'to' kala-kala ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta bari mu gani. Wadda na ba ka ta girmama furfurarka ce, ba ta sallama sa'o'in ɗalibaina ba. Ku sabunta duk abin da kuke so, ni ma ina son sabon abu. Amma kasonmu, ko minti ɗaya ban bayar ba."

Wata wakiliya daga Kudancin Amurka ta ɗaga hannu ta ce nata ɗaliban ma haka manhajar za ta yi musu. Gardama ta kaure har aka wuce lokacin cin abinci. A ƙarshe aka umarci masu manhaja su ware wa kowane ɓangare kason masu koyo, wanda ba a haɗa shi da na kowa.

Ban sha a banza ba. Wata bai ƙare ba aka ɗauke ni daga ɗakin tsara lokaci aka mai da ni sito, wurin wayoyi da kayan gyara, na shekara ina ƙirga kusoshi. Farfesa bai sake gaishe ni da Hausa ba, kuma wannan ya fi sito yi mini ciwo, don ina ganin girmansa.

Abin da na koya shi ne, sama ta Allah ce, ba wanda ya kafa mata shinge, amma lokacin kallonta a kan tebur ake raba shi da rana tsaka. Mutanen wannan aiki ba mugaye ba ne, sai dai ba sa jin abin da ba a furta ba, kuma kawaicin da muka taso da shi babu mai fassara musu. In za ku ƙi abu, ku buɗe baki ku ƙi, ko da muryarku na rawa. Tawa ta yi rawa, kowa ya ji. Amma a shekarar babu ɗalibin Kano ko na Yamai da bincikensa ya tsaya, kuma in an sake, zan sake.