Amalanken Nyokabi

A nan unguwar Karagita, a ƙasar Kenya, ranar da mace ta haihu sunanta ya tafi ke nan. Ni tun da na haifi Barasa, ko mijina ya manta sunan da ubana ya sa mini; Mama Barasa nake a kasuwa, Mama Barasa a coci. Ita kuwa maƙwabciyata Nyokabi ta haura arba'in tana nan Nyokabi zalla. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma ya tafi garin Nakuru sayen takalmi shekara tara da suka wuce, har yau bai samu daidai ƙafarsa ba.

Shekara goma sha huɗu ta yi tana yankan furanni a wata gona a bakin tafkin Naivasha, har maganin feshi ya kama mata ƙirji. Likita ya ce ta zaɓa, ko gona ko numfashi. Sai ta share ɗakunanta biyu na kwano, ta shimfiɗa katifu, ta buɗe gidan rainon yara. Dabarar ba laifi, tunda kullum da sassafe motocin gona ke kwashe matan unguwa. Amma wata biyu cur yara uku gare ta, biyu ma jikokina ne da na kai mata don kara. In abin bai tashi ba gonar za ta koma da wannan ƙirjin nata, kuma ni da ke jin tarinta ta bango na san me hakan ke nufi.

Sai ta shiga talla haiƙan. Ta kira mai fenti ya zana mata raƙumin dawa a bango, ya fito kamar akuya mai ciwon wuya. A ƙarƙashi aka rubuta Kwalejin Ƙananan Mala'iku ta Ƙasa da Ƙasa.

Na ce, "Ke Nyokabi, ki ji tsoron Allah. Wace ƙasa da wace ƙasa?"

Ta ce, "Kenya da Uganda mana. Uwar Nakato, yarinyar nan da nake raino, ba 'yar Uganda ba ce?"

Ta buga takardun talla ta raba a tashar mota, kafin sati duk wanda ya sayi mandazi, wato fankenmu na nan, a unguwar a cikin mala'ikunta ake ƙunshe masa. Ta yi hayar riguna da huluna ta shirya bikin yaye ɗalibai. Jikana Simiyu, ɗan shekara biyu, ya karɓi shaidar kammala karatu yana tsotson yatsa, sannan ya tsula fitsari a rigar mutane. Mata sun zo, sun sha shayi, sun yi tafi, sun koma da 'ya'yansu a goye.

Kowa ya san dalili, ba mai faɗa, sai da Akoth ta zo. Akoth 'yar ƙabilar Luo ce daga yankin Siaya, bakinta ba linzami. Hutun haihuwarta a gonar furanni ya ƙare, sauran gidajen raino sun cika, ga ɗanta Ouma ɗan wata uku a hannu. Ta leƙa ɗakunan, ta shinshina katifa, ta juyo.

"To, ke Mama wa?"

"Nyokabi."

"Na ji sunanki. Na ce Mama wa?"

Nyokabi ta sunkuya tana gyara katifar. Akoth ta ce, "Kar ki ji haushi, 'yar uwa, amma wadda ba ta taɓa kiwon kaza ba ai da wuya a ba ta ajiyar ƙwai. Sati ɗaya zan bar shi, kafin in samu wuri."

Da tumatir bai yi tsada ba a lokacin, da na jefe ta da shi. Ranar Nyokabi ko tuwon ugali ba ta tuƙa ba, kuma na ji mata zafi har cikin raina.

Ouma kuwa ya ƙi kwalba ƙememe. Kwana biyu yana tsala ihu har muryarsa ta dushe. A rana ta uku Nyokabi ta zo teburin da nake sayar da ganye, ta ce in ara mata amalanken da nake ɗauko kabeji. Ashe shekarun nan da ta yi a gona ba furanni kaɗai take kallo ba. Ta san da an tashi hutun rana, masu shayarwa bayan sito suke zagayawa su matse nono a ƙasa, don ya cika har ya jiƙa musu riga. Ta sa katifa a amalanke, ta ɗaura lema, ta jera yaran huɗu, ta kama turawa tana tari. Na bi ta, ba don tausayi ba, don amalankena.

Mai gadi ya tare mu a ƙofar gonar. "Mama, nan ba kasuwa ba ce. Me kuke sayarwa?"

Nyokabi ta ce, "Mai cin abinci na kawo, abincin yana ciki. Kira mini Akoth."

Da gudu Akoth ta fito, takalmin roba ƙafa ɗaya. Ta zube a ƙasa a gindin ƙofa, yaro ya kama nono, kukansa ya ɗauke, nata ya fara. Mata suka jeru a jikin wayar shinge suna kallo, da yawa hannu dafe da ƙirji. Ba wadda ta tambayi Nyokabi Mama wa ce.

Ranar Litinin yara goma sha ɗaya aka kawo. Yanzu amalanke biyu ne, da mata biyu masu turawa, ita tana tafe a gaba da lema kamar shugabar mawaƙan coci. Nawa amalanken har yau ba ta maido ba.

Bayan shekara biyu Akoth ta sake haihuwa, mace. Da hutu ya ƙare ta kawo ta, ta dangwara wa Nyokabi a cinya.

"Ya sunan baƙuwar?"

"Nyokabi."

"Na'am. Na ce ya sunanta?"

"Shi na faɗa miki, kurma. Dangin ubanta suna ta surutu wai sunan ƙabilarku ta Kikuyu a gidan Luo. Na ce duk wanda ya taɓa tura amalanke ya zo mu yi magana."

Nyokabi ta ƙura wa jaririyar ido. Can ta ce kunu zai ƙone, ta shige ɗaki da yarinyar a kafaɗa. Ni na san ko wuta ba ta hura ba.

Yarinyar yanzu tana gudu, ƙiriniya kamar uwarta. Duk yini daga teburina ina jin ana, "Nyokabi, sauko daga nan! Nyokabi, tofar da ƙasar nan!" Babbar ce ke kira, kuma ko yarinyar ba ta yi komai ba sai ta kira.