Teburin Ba Gana na Bosso

Har gobe ba zan manta da ranar da Ba Gana ya ƙi aikina ba. A 2016 ne, bayan 'yan bindigar daji sun watsa garin Bosso. Iyalina suna Damagaram tun harin farko, ni kaɗai nake kwana a shagon kafintana a Diffa, daga ni sai rediyo.

Ba Gana dattijo ne, mai shayi a Bosso kusa da masu bandar kifi. Abin da ya tsira da shi teburin sunuka ne, wanda samari ke buga ƙwallaye da sanda a kai. A motar gudun hijira katakon gefe ɗaya ya tsage, ya kawo mani gyara. Na sa sabo, na goge shi sumul, na shafa werni, man ƙyallin katako, na bari ya bushe na ƙara, kamar yadda ƙa'ida take. Ya fito yana ƙyalli kamar goshin ango.

Dattijon ya duba ya ce, "Malam kafinta, wannan ba nawa ba. Uku baƙi, ɗaya ja. Baƙo ka sa mani."

Raina ya ɓaci, don kafinta ya fi son ka zage shi da ka kushe aikinsa. Amma da gaskiyarsa. Na kankare, na haɗa werni da launi mai duhu. Ya ce a'a. Na ƙara duhu, ya girgiza kai, ko zama bai yi ba.

Rannan ina kankarar tsohon gefen don in gane irin fentinsa, sai ƙauri ya bugi hancina. Ashe babu fenti ko ɗis, hayaƙin banda ne na shekaru ya shige katakon. To ina ni ina banda, an hana kamun kifi a tafki? Da ƙyar na samu wata mata a Gagamari mai ƙyafe ɗan kifin kogin Komadugu a rabin duro. Ta yi ta dariya, ta ce, "Katakon za ka sa a miya?" Duk da haka ta ba shi wuri a kan wayar da take ƙyafe kifin, ya sha hayaƙi makonni.

Da na ɗaura shi, Ba Gana ya sunkuya ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Yawwa. Shi ne."

Na ce, "To Baba, a kira samarin unguwa su fara bugawa."

Ya ce, "A'a, ɗana. Masu buga wannan, wasu suna daji, wasu suna ƙasa. Rufe mani shi."

Tausayinsa ya kama ni. Shi ya sa nake ce muku, ku masu koyon sana'ar nan, in mai kaya ya ƙi aikinku, ku tambayi inda kayan ya zauna kafin ku yi fushi. Katakon dai na gyara. Sauran kuwa, sai dai na kama masa bakin tabarma muka rufe.